Ruwan Jakara Da Kududdufan Kano: Ina Doka?

Tun kafin a aza harsashin ganuwar Kano, akwai Jakara. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa mutanen Barbushe, waɗanda ke zaune a gindin Dala, suna girmama kurmin da ke bakin wannan ruwa, ba mai taɓa itacensa. A gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi. Baturen nan Barth, da ya iso birnin a 1851, sai da ya ambaci Jakara a littafinsa. Watau ruwan ya girmi badala, ya girmi kasuwa, ya girmi Gidan Rumfa kansa.

To, yau ina Jakara? Da fari ta zama makwararar ƙazantar birni. Daga baya, a zamanin mulkin Gwamna Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka shiga yi mata rufin kankare don a shimfiɗa titin da ake kira Wuju-Wuju. Ba a musun cewa maƙwabtanta sun sha wari da sauro shekara da shekaru, kuma hanya aba ce mai amfani. Amma da an tsare ta tun da wuri, da ba ta lalace har binne ta ya zama magani ba.

Abin da ya saura shi ne kududdufai. Asalinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar ginin gidaje da ganuwa, suka zama matattarar ruwan sama, suna shanye abin da zai shiga ɗakunan mutane. Ana ta cike su da shara, a yanka filoti, a kafa kantuna. Mazauna unguwanni sun yi kuka, malaman jami'a sun yi rubutu, amma da zarar damina ta wuce sai maganar ta bi ruwa. Talakan da gidansa na ƙasa ne shi ke biyan kuɗin wannan ciniki, alhali ba a yi shi da shi ba.

Kuka kaɗai ba ya hana katafila aiki. Takarda ce ke hana ta, takardar kuwa akwai hanyar samunta. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta buɗe hanyar ayyana wuri a matsayin kayan tarihi, a buga a gazet, taɓa shi ya zama laifi. Dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna bisa amana, har da ikon soke takardar mallaka don amfanin jama'a. Maɓulɓular Wikki tana nan garau saboda tana cikin dajin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956. Sai dai kada a ruɗi kai: ganuwar Kano ma tana ƙarƙashin doka tun 1959, ga shi ana cinye ta ɓangare-ɓangare. Doka ba ta tsaron kanta, sai da idon mutanen wurin.

Don haka ya kamata masu unguwanni da dattawa su zauna su lissafa kududdufan da suka rage, kowanne da sunansa da iyakarsa, su miƙa wa fada da Majalisar Dokokin Jiha a rubuce, su nemi a safiyo su, a kafa musu duwatsun iyaka, a haramta rabon filoti a kansu. Garuruwa masu tasowa irin Gombe, wadda ta zama babban birnin jiha a 1996 kuma take jawo ruwan sha daga Dadin Kowa, su fara nasu lissafin rijiyoyi da maɓuɓɓugai tun masu filoti ba su riga su isa wurin ba.