Gyaran Ƙananan Motoci: In Babu Kayan Gyara, Sai A Ƙera

A wannan wata wani dattijo ne daga Zangon Kumasi ya kawo mana aiki a naɗe cikin hankici. Da muka kwance, sai ga 'yar mota Fijo 404 ta ƙarfe, ƙirar Dinky, wadda mahaifinsa ya sayo masa a Abijan lokacin da yake fataucin goro. Taya biyu sun ɓata, gilashin gaba ya tsage, bamba ta baya ta karye. Ya ce so yake ya ba jikansa, amma kunya yake ji ya miƙa masa gurguwar mota.

To, ina za a samo kayan gyara? Masana'antar Dinky da ke Libaful a Ingila an rufe ta tun 1979. Kamfanin Lesney mai Matchbox, wanda ya fara su a 1953, shi ma ya durƙushe a 1982. Akwai masu sayar da kwaikwayon kayan a Turai ta intanet, amma kuɗin aikowa kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura. Saboda haka muka ce mu yi abin da makanikan Suame Magazin suka saba yi wa manyan motoci: abin da babu, a ƙera shi.

Farkon aiki lissafi ne, kuma a nan yawancin yaranmu suke faɗuwa. Motar an yi ta ne a kan awon 1:43, wato kowane santimita 43 na babbar mota ya zama santimita 1 a ƙaramar. Fijo 404 ba ta kai mita 4 da rabi ba, shi ya sa 'yar tata take santimita 10 da 'yan kai. Tayar gaske kuwa wajen santimita 65 ce, idan aka raba da 43 sai a sami santimita 1 da rabi. Wanda ya yi da ka, zai ga motarsa ta tsaya kamar akuya a kan turmi.

Tayoyin ba su ba mu wahala ba. Mun je wajen masu kayan famfo muka zaɓi baƙar zoben roba mai wannan faɗi, muka ɗan goga bayanta da sanfefa don ƙyallin ya mutu. Wanda bai samu ba yana iya yanka tsohon silifas da bakin bututun ƙarfe da aka wasa, kamar yadda muke yi muna yara sa'ad da muke ƙera motar gwangwani. Bamba kuma daga gwangwanin madara muka yanko ta, muka lanƙwasa a jikin ƙusa.

Gilashin ne ya cinye mana kwana uku. Sai da muka cire gindin motar, muka fito da tsohon, muka sassaƙa ɗan itace daidai siffarsa. Sa'an nan muka samo farar roba mai haske ta kwalin kaya, muka kara ta a saman garwashi har ta yi laushi, muka danna a kan itacen. Na farko ya ƙone, na biyu ya yi kumfa, na uku ya yi kauri a gefe guda. Sai a na biyar Allah ya ba mu sa'a. Gargaɗi a nan: kada a manna gilashi da sufa gulu, domin tururinsa yana sa roba ta yi fari kamar mai yanar ido. Farin gam na kafintoci ya fi, in ya bushe ba a ganinsa.

Kada kuma wani ya ce zai yi wa jikin motar walda ko ya ɗiga mata dalma. Ƙarfen nan haɗi ne wanda yawancinsa tutiya ce, ba ya kama dalma, wuta kaɗan kuma ta narkar da shi. Idan kuka ga jiki yana kumbura yana tsattsagewa da kansa, wannan cuta ce daga gurɓataccen haɗi tun a masana'anta, ba ta da magani.

Inda muka saɓa da dattijon shi ne fenti. Shi yana so a sake mata sabo fil, mu kuma muka ce a bari. Masu tara irin waɗannan motoci sun fi daraja tsohon fenti ko da ya kankare, kuma kowane tabo a jikinta shi ya yi shi da hannunsa a tsakar gidansu. Ya yi shiru, can ya nuna wata lotsawa a rufin, ya ce ranar da ƙanensa ya jefe shi da ita ce. Bai sake maganar fenti ba.

Mun dai roƙe shi kada ya ba yaron sai ya wuce shekara uku, saboda taya irin wannan tana iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro, tsofaffin fenti kuma wasu akwai dalma a ciki. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake yin fitilun gaba da kan fil. Mai tsohuwar mota a ƙarƙashin gado, ya kawo ta ofishinmu mu gani.