Wasiƙar Gaya: Ko Doka Ta Yarda A Mai Da Tsoho Daga Ƙofar Majami'a?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in kawo wata magana gaban malamai da ma'aikata masu karanta jaridar nan.

A wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi akwai wani dattijo, ƙanen kakana, shekarunsa sun haura 70. Shi da tsararrakinsa suka kwaɓa ƙasar da aka gina majami'ar garin, suka ɗauko azara a ka. Cikin 2020, da aka buɗe wuraren ibada bayan kullen korona, ran Lahadi ya ɗauki sandarsa ya tafi sujada. Saurayin da aka sa tsaron ƙofa, wanda a gaban tsohon nan aka raɗa wa ubansa suna, ya tare shi ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, an ce tsofaffi su zauna gida." Tsoho bai ce uffan ba, ya juya. Kwanan baya na je gaishe shi, sai ya ce mini, "Kai da ka yi karatu, gaya mini, hukuma ce ta kore ni ran nan, ko kuwa 'ya'yanmu ne?"

Kafin mu ga laifin kowa, mu tuna da halin da aka shiga. Ran 11 ga Afrilu 2020 aka sami mutum na farko mai cutar a Kano, ran 27 ga watan kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa aka rufe jihar. Cikin Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da labari an ƙidaya mamata 979 a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana jingina mutuwarsu ga cutar, galibinsu kuwa sun wuce shekara 65. Wanda ya ji wannan ya ji tsoro saboda tsohonsa, ba a ce ya yi wauta ba.

To, me doka ta ce? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 38, ya ba kowa ikon yin addininsa, shi kaɗai ko tare da jama'a, a ɓoye ko a sarari, bai kuwa yanka shekaru ba. Amma sashe na 45 ya yarda a kafa dokar da za ta rage wannan iko saboda lafiyar jama'a, muddin abin bai wuce kima ba. Akwai kuma tsohuwar dokar killace masu cuta ta 1926, tun ta zamanin Turawa, wadda a kanta Shugaban Ƙasa ya dogara ya sa hannu ga ƙa'idodin korona ran 30 ga Maris 2020. Watau dai gwamnati tana da iko, in annoba ta sauka, ta tsare mutane daga taro. Gwamnan Ikko, Babajide Sanwo-Olu, ya faɗa cikin Yuni 2020 cewa in an buɗe masallatai da majami'u ban da wanda ya wuce 65 da wanda bai kai 15 ba. Aka ɗage buɗewar, da aka zo yinta cikin Agusta sai maganar tsofaffi ta koma jan kunne. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Boss Mustapha shi ma shawara ya bayar, cewa tsofaffi da masu ciwo irin na sukari su yi ibadarsu a gida.

Saura ita majami'ar kanta. Sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci, ya ambaci ƙabila, da garin asali, da jinsi, da addini, da ra'ayin siyasa, bai ambaci tsufa ba, kuma abin da ya fi tsarewa shi ne dokoki da aikin hukuma. Sashe na 40 kuwa ya ba mutane ikon haɗa ƙungiya, ƙungiya kuma takan tsara sha'aninta. Saboda haka, a ganina, tsohon da ya kai ƙara gaban alƙali don an mai da shi lokacin annoba, da wuya ya ci shari'a. Amma in babu annoba, ko kuwa dattawan ikilisiya sun tsallake tsarin da su da kansu suka rubuta, to hujjarsu ta yi rauni ƙwarai.

Kada malamai su ce wannan zancen masu zuwa majami'a ne kaɗai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar Saudiyya ta hana wanda ya wuce 65 aikin Hajji a 2020 da 2021 da 2022, sai a 2023 ta janye. Tsofaffi nawa suka yi shekaru suna tara guzuri aka ce su dakata? Sai dai ku duba, da dalilin ya kau, hanin ma ya kau. Hani don tsare rai yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wanda ba shi da ranar ƙarewa kora ne.

Abin da na gaya wa tsohona ke nan: hukuma ta ba da shawara, yaranmu suka mai da ita umarni, kuma ba wanda ya zo gida ya yi masa bayani. Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ke nan, a bakin ƙofa ya ji, daga bakin jikansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar ran 5 ga Mayu 2023 cewa korona ta fita daga matsayin gaggawa, amma cuta ba ta gama zuwa ba. A shekarar 2023 ɗin ce mashaƙo ya addabi Kano, shi kuwa yara ya fi kamawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiya na ƙasar Gaya da Ajingi su zauna tun yanzu, tare da tsofaffin, su rubuta abin da za a yi. In cuta ta zo, a keɓe musu sujadar sassafe a gindin itace inda iska ke kaɗawa. Wanda ba ya iya fitowa a bi shi gida. In kuwa tilas ne a hana, fasto ya taka da ƙafarsa ya faɗa, ya kuma faɗi ranar da za a sake duba maganar. Mai tsaron ƙofar yau, in Allah ya ja kwana, shi ne mai sandar gobe.

Allah ya kiyashe mu da annoba, amin. Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Gaya