Nonon taimako: abin da zafi ke ci da abin da yake bari

Jaririn da aka haifa bakwaini, nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, hanjinsa bai nuna ba. Sau da yawa kuma nonon uwarsa bai sauko ba tukuna. Madarar gwangwani tana ƙara masa haɗarin ciwon da ke ruɓar da hanji. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce in an rasa nonon uwa, na wata mace shi ne zaɓi na gaba.

A 1909 aka buɗe gidan ajiyar nono na farko a birnin Viyana. Na Paris ya biyo a 1947, na Nairobi kuwa a 2019. Amma nono yana iya ɗaukar cuta: bayyanar sida ta sa an rufe da dama cikin shekarun 1980. Don haka sai an auna jinin mai bayarwa, a ɗumama nonon a zafin digiri 62,5 har minti 30, a sanyaya shi nan take, a sake bincike, sannan a daskarar.

Wannan zafi yana kashe ƙwayar sida da galibin ƙwayoyin cuta. To, amma ba a cin riba babu hasara. Ƙwayoyin garkuwa masu rai da ke cikin nono suna mutuwa, sinadarin da ke taimakon jariri narkar da maiƙo yana lalacewa, wasu sinadaran kariya suna raguwa. Sukarin nono da ma'adinansa kuwa suna nan daram. Jaririn yakan tsira daga ciwon hanji, sai dai girmansa na tafiyar hawainiya; dalili ke nan likitoci ke ƙara wa nonon abubuwan gina jiki.

A ƙasarmu akwai wata tambayar da wuta ba ta warwarewa. A mazhabar Malikiyya, ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri, ƴan'uwantaka ta ƙullu, aure ya haramta. Saboda tsoron cuɗewar dangantaka, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta hana irin waɗannan gidaje a 1985. Mafitar da wasu likitoci Musulmi suka bi ita ce a daina haɗa nonon mata da yawa, a rubuta sunaye, iyalan biyu su san juna.

Duk ranar da za a kawo wannan aiki nan, sai an zaunar da likita da malami a tabarma guda, an kuma tabbatar firigo ba zai kwana babu lantarki ba.