Tsarin Ofis Ya Kamata Ya Bi Manufar Kamfani

Sau da yawa idan ɗan kasuwa ya tashi gina ofis, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne girman ɗakin manaja da tsadar kujeru. Ba kasafai ake tsayawa a duba wanda zai zauna kusa da wane ba, alhali kuwa a nan wani kaso na riba ko asara yake ɓuya.

Binciken da Farfesa Thomas Allen na cibiyar MIT da ke Amurka ya wallafa a 1977 ya nuna cewa injiniyoyi na rage tuntuɓar juna gwargwadon nisan da ke tsakanin teburansu, kuma da zarar tazarar ta kai kimanin mita 50 sai tuntuɓar ta yi ƙaranci ainun. Don haka kamfanin da ya ajiye akanta a saman bene, mai kula da sito kuma a can ƙarshen haraba, kada ya yi mamaki idan lissafin kaya ya ƙi daidaita.

Wasu kamfanoni sun yi amfani da wannan hikima. A hedikwatar da kamfanin fina-finai na Pixar ya koma a shekarar 2000, Steve Jobs ya sa an tattara wurin cin abinci da akwatunan wasiƙu a babban zaure na tsakiya, domin masu zane da masana kwamfuta su riƙa haɗuwa ko sun so ko ba su so ba. Manufarsa ƙirƙira ce, ginin kuma ya bi ta.

Sai dai rushe bangaye ba maganin kowace cuta ba ne. A 2018 wasu masana daga Jami'ar Harvard sun gano cewa a manyan kamfanoni biyu da suka koma buɗaɗɗen ofis, magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙonnin kwamfuta kuma suka ƙaru.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Bankin da ke alfahari da saurin sallamar jama'a na buƙatar mai biyan kuɗi da mai sa hannu su zauna dab da juna. Ofishin lauyoyi kuwa ɗakunan sirri yake buƙata. Wajibi ne hukumar gudanarwa ta fayyace abin da kamfani ya sa a gaba kafin a kira mai zanen gini, domin gyara a takarda ya fi rushe bango araha.