Darasin Tsuntsu Ga Matafiyi

A watan Oktoba na 2022, wani tsuntsun gaɓar teku mai suna godwit ya tashi daga Alaska zuwa Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, bai ya da zango ba. Kafin irin wannan tafiya, kitse kan kai rabin nauyinsa, ƙundu da hanta kuwa su tsuke, tunda ba zai ci komai a hanya ba.

A ganina, ɗalibi mai shirin tafiya karatu waje ya yi koyi da shi. Jakar hannu mai kilo 7, wadda jirage da yawa ke bari a shiga da ita, ta ishi takardu, magani da tufafi kala uku. Sabulu akwai shi ko'ina. Babban akwati kan ɓace tsakanin filayen jirage, ya bar mai shi ba takardar makaranta.