Kafin ku hau dutse, ku dubi abin da makiyayi ya sa



Ranar Lahadin da ta wuce na bi wasu matasa tattaki a kan hanyar Mirriya. Mun tashi bayan sallar asuba, kowa da bidon ruwansa. Kafin ƙarfe goma wani saurayi ya zube a gefen hanya, idanu sun juye. Da muka cire masa buluzon, sai ga rigar leda a ciki, wai don ya yi zufa ya rage tumbi. Allah ya taimaka mai kabu-kabu ya zo wucewa, aka kai shi asibiti, ya farfaɗo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a daidai wurin akwai wani dattijo makiyayi da ya fi mu daɗewa a rana, da rigarsa mai faɗi da malfa, ko haki ba ya yi.

To, ni ra'ayina ke nan: yawo a daji da hawan duwatsu abu ne mai kyau, amma da yawanmu muna zaɓen kaya don hoton da za mu sa a Facebook, ba don ranar Damagaram ba. Rigar ƙwallo ta roba, jin mai matse cinya, kai a buɗe. Wallahi wannan shiga ba ta ƙasarmu ba ce.

Mu fara da bazara. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a nan. Jiki yana huce kansa ne idan zufa ta bushe a kan fata, kuma ba ta bushewa sai iska ta ratsa. Leda tana tare iskar, zufa ta zuba a banza, ruwan jiki ya ƙare, zafi ya taru a ciki. Abin da ya ragu a sikeli ruwa ne, ba kitse ba. Tufa mai faɗi ta auduga, mai dogon hannu, ita ce magani. Har masana sun gwada: a 1980 mujallar Nature ta buga wani bincike kan rigunan Larabawan hamada, aka ga idan riga tana da faɗi, baƙa ko fara, zafin da ke isa fata kusan ɗaya ne, don iska tana yawo a ƙarƙashinta. Buzaye ba su jira mujalla ba kafin su san haka. Ƴan'uwana mata, hijabin roba mai nauyi ku ajiye shi a gida, ku ɗauki mayafin auduga marar nauyi, da wando mai faɗi a ƙasa don hawan dutse.

Sai hunturu. A Disamba da Janairu, da asuba sanyi yana sauka wajen digiri 15, da rana kuma ya kusa 30. Kuskuren da muke yi shi ne sa ƙaton buluzon guda ɗaya. Ka yi zufa a ciki, ka cire, iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, gobe kana tari. Gara riguna biyu ko uku marasa kauri, kana ragewa ɗaya bayan ɗaya yadda rana take ɗagawa. Kuma kar a raina rawani. Yana rufe hanci da baki daga ƙura, ya kare wuya da kunne, da rana ya zama inuwa. Mita huɗu na yadi suna aikin da hula uku ba za su yi ba.

Damana da kaka kuwa, magana ta koma ƙafa. Ciyawa ta rufe ramu, kububuwa da kunama suna ciki. Silifas ba takalmin daji ba ne. A sa basket mai rufi da ƙasa mai kama dutse, don dutsenmu idan ya jiƙe santsi gare shi, da dogon wando mai kauri. Ƙarangiya tana son shoset da tiriko, yadi mai sulɓi bai cika kama ta ba. Kafin ka zura ƙafa, kakkaɓe takalmin. Rigar ruwa ta zauna a jaka, a sa ta sai ruwa ya sauko. In hadari ya haɗo kana saman dutse, sauka kawai, babu rigar da ke tare aradu.

Wani zai ce, ai kayan nan sai mai kuɗi. A'a. Ranar Alhamis ka shiga Kasuwar Dole wajen ƴan bosho, ka duba ƴar takardar da ke wuyan riga, in ka ga coton ka ɗauka. Takalmi ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka taka shi kwana biyu cikin gari kafin doguwar tafiya.

Shugabannin fada da malaman lakwal masu fita da yara, nauyin yana kanku. Wanda ya zo da leda ko silifas, ku mayar da shi gida ya sake shiri. Gara ya yi fushi da ku da safe da a ɗauko shi a kwance da rana.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.