A Gaya Wa Mai Ba Da Jini Gaskiya

Sanin kowa ne cewa a yawancin asibitocin Nijeriya, idan majinyaci ya bukaci ƙarin jini, danginsa ake cewa su kawo wanda zai bayar. Sai wa ko ƙane ya miƙa hannu a ɗibi kaɗan a gwada. Can an jima a ce masa, "Naka bai yi ba, a nemo wani." Ya kama hanya ya tafi gida, bai san dalili ba.

Sau da yawa dalilin shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. A tsakanin maza abin ya kai wajen mutum ɗaya cikin goma, ga shi kuwa maza ne suka fi ba da jini.

Wannan cuta makira ce. Takan yi shekara ashirin ko talatin a jikin mutum yana harkokinsa lafiya lau, alhali tana cin hantarsa, har ta kai ga ƙandarewar hanta ko ciwon daji. Tana yaɗuwa daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, da ta saduwa, da ta allura ko askar wanzami wadda ba a tafasa ba. Cikin jarirai goma da suka kamu, kimanin tara ba su rabuwa da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sharaɗin a gwada duk jinin da za a ƙara wa wani, kuma hana jini mai cuta shiga jikin majinyaci aiki ne abin yabo. Amma rabin aikin ke nan. Shi wanda aka sallama yana da mata da 'ya'ya, kuma wataƙila wannan ne gwajin farko da aka taɓa yi masa a rayuwarsa. Wasu ma'aikata kan yi shiru don gudun tayar masa da hankali a gaban dangi. Uzuri ne mai kama hankali, sai dai maganinsa shi ne a keɓe da shi a yi masa bayani cikin sirri.

Saboda haka ya kamata Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2021, tare da ma'aikatun lafiya na jihohi, su wajabta wa kowane asibiti sanar da irin wannan mutum, da tura shi wurin likita, da gwada iyalinsa. Akwai magunguna masu danne ƙwayar. Allurar rigakafi kuwa tana cikin alluran yara tun 2004, ana yin ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

Ma'aikaci ko ɗalibin da aka taɓa mayar wa da jininsa, ya daure ya koma ya tambayi dalili. Rashin sani ya fi dare duhu.